Tsatsa a tsohuwar mota: abin da ya kamata a yi kafin a kai ga fenti

Akwai maganar da ake yawan yi a nan Yamai in aka zo zancen tsohuwar mota, wai mu ƙasarmu ta rani ce, ƙarfe ba ya tsatsa, tsatsa ta mutanen bakin teku ce irin su Kwatano da Lome. To akwai gaskiya a ciki amma rabi ce. Lalle motar da ta yi rayuwarta duka tsakanin Tawa da Agadas ta fi wadda ta zauna bakin teku lafiyar jiki, sai dai duk wanda ya taɓa ɗaga kafet ɗin tsohuwar Peugeot 504 ya ga ƙasa ta cikin rami a ƙarƙashin ƙafar direba ya san cewa mu ma ba mu tsira ba. Kuma wannan maganar ta "ai mu ba mu da tsatsa" ita ce ke sa mutum ya kashe kuɗinsa kaf a kan fenti mai ƙyalli, damina biyu ta wuce ya ga ƙuraje sun fito a gindin ƙofofi.

Ni ina cikin masu ganin cewa motocin nan na iyayenmu sun cancanci a gyara su gyara na gaskiya. Peugeot 404 ta fito 1960, 504 ta biyo a 1968, kuma tun daga 1975 kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara harhaɗa motoci, 504 ɗin ta ci gaba da fitowa daga can har cikin shekarun 2000, shi ya sa har yau ba a rasa kayanta. Ga Land Cruiser mai lamba 40 da aka ƙera daga 1960 zuwa 1984, ga Mercedes W123 da ta fito 1976, ga tsofaffin Land Rover. Inji ana iya sauke shi a sa wani, giya haka, amma jiki guda ɗaya ne, in ya ruɓe motar ta tafi.

Mu fara da ita tsatsar kanta. Abu uku take bukata, ƙarfe da iska da danshi, in kuma aka samu gishiri a wurin sai aikin ya ƙara sauri ƙwarai. Abin da ya sa take da mugunta shi ne ba ta rufe ƙarfe ta tsaya, tana da ƙananan ƙofofi da ke shan ruwa su riƙe shi, kuma tana kumbura ta cinye wuri ninki-ninki fiye da ƙarfen da ta ci, shi ya sa take ɗaga fenti ya yi ƙurji, ta kuma buɗe wurin da kwano biyu suka haɗu. Yadda gara ke cin azara ta ciki ta bar bayanta lafiya lau, haka take yi. In ka ga ƙurji kamar ƙwayar wake a kan fenti, yawanci ba daga sama ta shiga ba, ta bayan kwanon ta taso har ta huda, abin da ke ciki ya fi wanda ido ya gani nesa ba kusa ba.

To ina danshin yake fitowa a ƙasar da ake wata takwas ba a ga ɗigon ruwa ba? Na farko tarihin motar. Da yawan motocin da ke yawo a garin nan sun yi shekaru a Turai kafin su zo, can kuwa ana zuba gishiri a kan hanya lokacin sanyi don ƙanƙara ta narke, gishirin nan yana shiga kowane lungu, sannan motar ta hau jirgin ruwa ta zo ta zauna tashar teku. Ta iso mana da ciwonta. Na biyu jar ƙasarmu. Ƙura tana shiga cikin ƙofofi da saman tayu da cikin dogayen ƙarafan ƙasan mota tana taruwa, duk rani ba ta komai, ruwan farko na sauka ta zama laka ta toshe ramukan da aka yi don ruwa ya fita, sai wurin ya kwana da danshi makonni alhali waje ya bushe tun ranar. Kowa ya san yadda titunan unguwanni ke zama a watan Agusta, balle shekarun ambaliya irin 2020 da 2024 da motoci suka kwana cikin ruwa. Na uku wanki. Rana tana ƙona robobin gilashi da na ƙofa su tsattsage, a je wurin wanki a feshe motar da ruwa mai ƙarfi, ruwan ya bi ta tsagar ya kwanta ƙarƙashin kafet, a maida tabarmar roba a kai a rufe. Sai ka ƙara da ruwan batir da ke zuba ya ci mazaunin batir, da man birki da ke cire fenti duk inda ya ɗiga.

Kuma su tsofaffin motocin tun daga masana'anta ba su samu kariyar da na yanzu ke samu ba. Tsoma jikin mota gaba ɗaya cikin tafkin share fage, wato fentin farko da ke kama ƙarfe, da wutar lantarki, irin na zamani da ke kai fenti har cikin lunguna, sai ƙarshen shekarun 1970 ya fara yaɗuwa. Lulluɓe kwanon da tutiya ma daga baya ne ya zama ruwan dare, Audi 80 ta 1986 na cikin waɗanda aka sani da shi. Ke nan in ka leƙa cikin dokin ƙofar motar 1970 za ka iya tarar da ƙarfe kusan tsirara tun ranar da aka ƙera ta.

Kafin a taɓa komai a duba motar da kyau. Ka samu mayen ƙarfe ƙarami ka naɗe shi da ƙyalle ka bi jikin da shi, inda ya kama ƙam ƙarfe ne, inda ya saki to masti ne aka cika, wato ƙullun nan da ake shafawa a daidaita kwano kafin fenti. Ka ɗauki sukudireba ka shiga ƙarƙashi da tocila ka dinga dannawa, kar ka ji tausayi, wurin da sukudireba ta huda dama ya riga ya mutu. Wuraren da aka fi samu: gindin ƙofofi, dokin ƙofa, ƙasan ƙafar direba, kewayen gilashin gaba da na baya ƙarƙashin roba, ramin tayar safaya, saman tayu, da inda ƙafafun mota ke ɗaure da jiki. Wannan na ƙarshen shi ne mai yanke hukunci, in ya ruɓe to maganar ta wuce ta ado ta koma ta rai.

Sai kwancewa. Komai zai fita, kujeru, gilasai, wayoyi, robobi, fitilu, kuma tankin mai shi ne kan gaba don ba a kusantar da wuta inda tururin mai yake, tankin da babu komai ciki ma ya fi haɗari. Ka ɗauki hoto da waya kafin a cire kowane abu, ƙusoshi a zuba a leda a rubuta inda suka fito, don aikin nan watanni yake ɗauka kuma yaron garajin da ya kwance ba lalle shi ne zai ɗaura ba. Lambar shasi kuma a kiyaye ta, kar a goge ta kar a yanke wurin, ita ce ke haɗa motar da takardunta.

Anan akwai bambancin da ya kamata mai mota ya sani. Land Cruiser da Land Rover suna da shasi daban, ana iya ɗaga jikin a aje gefe a yi aikin shasin shi kaɗai. Amma 504 ta gida da W123 jikin ne da kansa yake ɗauke da nauyi, dokin ƙofa da ƙasan motar su ne ƙashinta. In aka yanke dokin ƙofa ba tare da an fara walda sandunan ƙarfe a gicce cikin bakin ƙofar ba, jikin zai lotsa kaɗan wanda ido ba zai gani ba, sai ranar da aka zo maida ƙofa a ga ta ƙi rufuwa, kuma a lokacin an riga an yi walda a karkace.

Yanzu cire tsohon fenti, inda aka fi yin ɓarna. Abu ɗaya za ka riƙe: kwanon jikin irin waɗannan motoci kaurinsa bai cika wuce milimita 1 ba, sau da yawa ma bai kai ba. Duk hanyar da ke ci masa kauri ko take zafafa shi to cutar da shi take yi.

Ƙona fenti da wutar walda yana da sauri, shi ya sa ake yi. Amma zafin yana sa faffaɗan kwano irin na rufi da na murfin inji ya miƙe ya yi tudu da kwari, daga nan kuma sai masti mai kauri ne zai ɓoye shi. Ga hayaƙin, tsofaffin fentin da yawa akwai dalma a ciki, wasu mahaɗan ma da dalma aka cike su a masana'anta, yaro ɗan shekara goma sha biyar yana tsugune yana shaƙa. Faifan garanda mai tauri wanda ake gyara walda da shi shi ma ba na wannan aikin ba ne, yana cin ƙarfen tare da fentin ya bar zane mai zurfi. Abin da ya dace da faffaɗan wuri shi ne faifan nan mai kama da soso mai tauri da aka yi don cire fenti, ko injin guga da samfefa mai lamba 80, a bi a hankali ana matsawa kar a tsaya wuri ɗaya har ya yi zafi.

Feshin yashi kuwa zan ɗan daɗe a kansa don shi ne ke jan hankalin mutane a nan, yashi ga shi ko'ina har bakin kogi, komfaresa kawai ake nema. Gaskiya babu abin da ke kai wa cikin ramukan tsatsa kamar feshi, a kan shasi da ƙafafu da ƙarafa masu kauri aikinsa yana da kyau ƙwarai. Amma a kan kwanon ƙofa ko rufi, ƙwayoyin da ke dukan ƙarfen suna miƙar da fuskarsa, cikin 'yan daƙiƙu kwanon ya lanƙwashe kuma ba ya komawa. Sannan yashin yana shiga cikin lunguna ya ƙi fita, ka hura ka hura, ranar fenti ya zubo a kan sabon aiki, wanda ya rage ciki kuma ya zama matattarar danshi. Babbar matsalar ita ce ta mai feshin. Yashi in ya farfashe yana zama ƙura mai laushi da ke shiga can cikin huhu ta zauna, tana jawo ciwon da ke taurara huhu wanda ba shi da magani, kuma yawanci ba ya nuna kansa sai bayan shekaru. Ingila ta hana feshi da irin wannan yashin tun wajen 1950. Rawani ko ƙyalle a hanci ba ya tare wannan ƙurar, wallahi ba ya tarewa. In za a yi feshi a nemo abin fesawa da aka yi don aikin, irin garin gilashi da aka niƙa, a rage ƙarfin iska, a karkata bakin tiyo kar a saita shi kai tsaye, mai yi kuma ya sa abin rufe fuska na gaskiya. In ba a samu ba gara a ɗauki makonni ana gogewa da a sayi saurin da huhun ɗan wani.

Akwai kuma maganin shafawa mai sa fenti ya tattare a kankare shi. Ba ya zafafa kwano, wannan alherinsa ne, amma a rufe mahaɗan kwano da salatif kafin a shafa don in ya shiga tsakani zai fito daga baya ya ɓata sabon fenti. Masu ƙarfin cikinsu suna ɗauke da wani sinadari da Tarayyar Turai da Amurka duk suka hana sayar wa jama'a saboda ya kashe mutane a rufaffun ɗakuna, don haka a fili ake aiki da shi da safar hannu. Soda mai ƙuna ta masu sabulu tana cire fenti a kan ƙarfe, amma kar a kusantar da ita da Land Rover, jikinta na alminiyom ne kuma soda cinye shi take yi. Ita Land Rover dama ciwonta daban ne, kwanonta ba ya jan tsatsa, amma duk inda alminiyom ya taɓa ƙarfe da danshi a tsakani sai ka ga farin gari yana fitowa yana hudawa, shasinta da bangon da ke gaban direba kuwa ƙarfe ne kuma suna ruɓewa sosai.

In fenti ya tafi motar za ta faɗi gaskiyarta, kuma ranar nan ya kamata mai mota ya zo da kansa ya gani. Tsatsar da za a tarar hawa uku ce. Ta sama wadda guga ke ɗaukewa, wannan ba matsala. Mai ƙananan ramuka kamar zanzana, wadda ko ka goge saman ya yi fari baƙi na nan a gindin kowane rami, kuma daga wannan baƙin za ta sake tashi. Sai wadda ta huda ko ta mayar da kwanon kamar takarda.

Ta tsakiyar ita ce ke bukatar magani. Ruwan da ya dace shi ne mai asid fosforik, yana narkar da tsatsa ya bar wata fata mai ruwan toka da fenti ke kamawa, a shafa a goga da buroshin waya a maimaita har baƙin ya fita, a wanke shi tas a busar nan take, don in ya bushe da saura a kai share fage ba zai kama da kyau ba. Abin da nake roƙo a daina shi ne zuba ruwan batir ko ruwan nan mai hayaƙi da ake wanke tayil da shi. Suna sa ƙarfe ya yi fari fat har mutum ya ji daɗi, amma saura na maƙalewa cikin mahaɗa ya ci gaba da ci, an gudu daga tsatsa ɗaya an shuka wata da ta fi ta sauri. Su kuma magungunan da ke mayar da tsatsa baƙa suna da amfani a lungun da hannu ba ya kai, amma saman kawai suke juyawa, in tsatsar na da kauri ƙarƙashin na nan da ranta. Ƙananan kaya irin su maƙalai da ƙusoshi ana iya jiƙa su kwana biyu cikin ruwan binega a goge a wanke a busar.

Ta ukun ba ta da magani sai yanka. A yanke har sai an kai ƙarfe mai cikakken kauri, a yanko sabon kwano mai kauri ɗaya da na motar a lanƙwasa shi daidai siffar wurin. A kasuwar Katako ba a rasa kwano, amma a auna, kar a ɗauko na rufin ɗaki ko guntun tano, wato gangar ƙarfe, don shi ne ke kusa. Kuma yadda aka haɗa shi ne komai. Abin da aka saba shi ne a ɗora faci a kan ramin a bi gefensa da wuta a buga shi ciki a cika da masti, to tsakanin facin da tsohon kwanon an gina ɗaki ne na ruwa. Haɗin gaskiya baki da baki ne, sabon ya zauna cikin ramin daidai, a ɗiga walda nan a tsallaka can a bari ya huce a dawo, har ɗigon ya haɗe, don in aka ja layi ɗaya a tafi zafi zai murɗe kwanon. Na ga toliye dattijo, wato mai gyaran kwanon mota, yana wannan aikin da wutar karbi, wato waldar gas, ɗigo ɗaya sai ya aje tocin ya ɗauki guduma da ƙarfen tokare ya daddaki wurin tun yana da zafi, ya shafa da tafin hannu ya ji, sannan ya matsa gaba, facin da bai fi tafin hannu ba ya cinye masa rabin yini amma da ya gama kusan ba ya bukatar masti. Ke nan ba sai da injin walda na zamani ba, ko da yake mai waya da gas ya fi rage zafi. Liƙi da tagulla kuma kar a yi shi a inda ke ɗaukar nauyi, sannan garin da ake sa masa in ba a kankare shi ba yana ɗaga fenti. In an gama a haska tocila ta baya a duba, duk inda haske ya ɓullo rami ne kuma ruwa zai bi ta nan. Inda dole kwano ya hau kan kwano kamar yadda masana'anta ta yi, a fesa share fage mai tutiya a tsakani kafin a haɗa.

Ƙarfe tsirara ba ya jira. A damina in ka bar shi da yamma da safe za ka tarar ya yi ja-ja, gumin hannu ma kaɗai ya isa ya bar sawun yatsu na tsatsa. Shi ya sa lokacin wannan aikin a wurinmu daga bayan kaka ne zuwa cikin hunturu, iska a bushe take, sai dai a yi fama da ƙura, a yayyafa ruwa a ƙasan rumfa a kewaye ta da tamfol. Kuma kar a tuɓe motar duka in ba za a iya rufe ta ba, a bi ta ɓangare-ɓangare, wanda aka goge yau a wanke masa maiƙo da ruwan da aka yi don haka, ba da fetur ko gazuwal ba, a rufe shi yau.

Da me za a rufe? Nan ne kuɗi ya kamata ya tafi. Share fage na efoksi, mai gwangwani biyu da ake haɗawa, shi ne ke kama ƙarfe ya hana ruwa ratsawa. Tokar share fage da aka saba fesawa don cike zane tana shan danshi, motar da aka bari da ita a waje tana tsatsa a ƙarƙashinta. Jan antirui, wato fentin hana tsatsa, na ƙofofin gida da tagogi an yi shi don wani aiki ne daban, kuma sau da yawa in fentin mota mai ƙarfi ya hau kansa sai ya tattare. Efoksi a haɗa shi da awo yadda aka rubuta a gwangwani, ba da ido ba, a haɗa kaɗan-kaɗan don zafinmu yana sa ya daskare da wuri, a fesa da sassafe. A watan Afrilu da Mayu da zafi ke wuce digiri 40 fenti na iya bushewa a iska kafin ya sauka, ya kwanta kamar gari ba tare da ya kama ba. A kuma zubar da ruwan da ke taruwa a tankin komfaresa kullum, in ba haka ba kana fesa ruwa ne tare da fentin.

Masti ba abokin gaba ba ne, wurinsa ne aka ɓata. Aikinsa gyara ɗan rashin daidai bayan guduma ta gama nata, siriri, milimita 2 zuwa 3, kuma ya fi kyau ya hau kan efoksi a sake rufe shi da efoksi. Shi ma yana shan ruwa, don haka in aka toshe rami da shi yana jawo danshi ta baya ya ajiye a kan ƙarfe, kuma ba a goge shi da ruwa. Mai kauri kuma ba ya miƙewa tare da kwano in rana ta buga, ga girgizar hanyoyinmu, dole ya tsage.

Bayan efoksi sai a bi duk mahaɗan kwano da abin liƙe mahaɗa mai laushi kamar roba, sannan ƙasan mota da saman tayu a fesa musu abin da ke tare tsakuwa. Baƙin gudro, wato kwalta, da ake shafawa a ƙasan mota kai tsaye a kan datti da tsatsa shi ne mafi yaudara a duk aikin, yana kyau a ido, in ya tsufa ya tsattsage ruwa ya shiga bayansa ya kasa fita, ka zo ka ɓamɓare shi ka tarar babu ƙarfe. Baƙin man bidanji, wato tsohon man da aka juye daga inji, da wasu ke fesawa ya fi babu ta wani gefen, amma yana kumbura robobi, yana tara ƙura, yana ɗiga yana ɓata ƙasa, kuma datti ne na inji da bai kamata ya taɓa fata ba.

Sai matakin da kusan kowa ke tsallakewa alhali shi ne ke amsa matsalar da muka fara da ita, wato cikin lunguna. Dokin ƙofa, ginshiƙan ƙofa, cikin ƙofofi, cikin shasi, duk wuraren da tsatsa ke farawa ba a iya kai musu bindigar fenti, kuma duk waldar da aka yi ta ƙone abin da ke bayan kwanon ta bar shi tsirara. Maganinsu kakin lungu ne, mai ruwa-ruwa, ana zura siririn tiyo ta ramukan da ke akwai a fesa yana janyewa, ya bi ya shiga tsakanin mahaɗa ya kori danshi kuma ba ya bushewa ya tsage. Anan zafinmu taimako ne, in mota ta sha rana kakin ya fi gudu cikin lungu. Amma sai an gama fenti gaba ɗaya ake sa shi, don in ya taɓa wurin da ba a fesa ba fenti ba zai kama ba. In an gama a bi ramukan fitar ruwa na gindin ƙofofi da dokin ƙofa da tsinke a tabbatar a buɗe suke, kuma don Allah a hana mai masti toshe su da sunan gyara. Wurin fenti na ƙarshe ma a kula, mai haɗin gwangwani biyu tururinsa na jawo asma mai tsanani, takunkumin takarda bai isa ba.

Ba na son a karanta wannan a ɗora laifi duka a kan masu garaji. Yawancinsu sun san aikin. Mu ne muke zuwa ana saura mako biyu salla mu ce "Maigida, ina son ta fito kafin idi, kuma ka san hali", shi kuma ya duba kuɗin ya duba kwanakin ya ga babu abin da zai shiga ciki sai masti da fenti. In kana son aikin gaskiya ka raba cinikin hawa-hawa, kuɗin tuɓewa daban, na yanka da walda daban bayan kun ga abin da ke ƙasa tare, na efoksi da liƙi daban, fenti a ƙarshe. Ka sayo efoksin da kakin da kanka in ka samu, ko ka sa a taho maka da su, ka ce a kira ka kafin a rufe kowane wuri ko a turo maka hoto ta WhatsApp. In kuɗin ya ƙare a tsakiya ba komai, motar da ke cikin efoksi a inuwa tana iya jiran ka watanni ba ta lalace ba.

In ta fito kuma a canja robobin gilashi da na ƙofa da sababbi, kar a maida tsofaffin da suka tsage. Duk ranar da ta shiga ruwa ko aka wanke ta a ɗaga tabarmin ƙafa a taɓa ƙasan a ji. Kar a lulluɓe ta da leda a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, danshin da ke tashi ba shi da mafita, rumfa mai iska ta fi. Ƙarshen kowace damina a wanke ƙarƙashinta da saman tayu a fitar da lakar da ta taru, inda tsakuwa ta fasa fenti a taɓe shi tun yana ƙarami, kakin lungu kuma a sake fesa shi bayan 'yan shekaru, a watan Mayu kafin ruwa ya sauka.